Maganar da ake ji da ido

1. Allo da alli

A ce ga wata yarinya a wani ƙauye na gundumar Tibiri, tsakanin Kore Mairuwa da Dumega. Tana aji huɗu a makarantar harshe biyu. Ta iya karatu da rubutu da Hausa sosai, ta kuma fara na Faransanci. Da bazara ta kama sai zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita. Kanta yana ciwo, wuyanta ya sandare. Iyayenta suka ɗora ta bisa amalanke suka kai ta gidan likita. Likita ya duba ya ce sanƙarau ne. Aka yi mata allurai, Allah ya ba ta lafiya.

Da ta komo gida sai aka lura da wani abu. In an kira ta daga baya ba ta waiwayowa. Jaki ya yi kuka a gindin danga, ko kai ba ta ɗaga ba. Ciwon ya tafi, amma ya tafi da jinta.

Ran da ta koma makaranta, malam ya sa ta bencin gaba. Yana magana, ita kuwa motsin bakinsa kaɗai take gani. Can sai yara suka kwashe da dariya. Ta dubi dama ta dubi hagu, ba ta san abin da aka faɗa ba. Ta sunkuyar da kai. Sai abokiyar zamanta ta jawo allo da alli ta rubuta: "Malam ya ce akuya ta leƙo ta taga, ita ma tana son a rubuta sunanta." Yarinyar ta karanta, ita ma ta yi dariya.

Abin da abokiyar nan ta yi yana da girma. Ta kama magana kafin ta ɓace, ta mayar da ita rubutu, ido ya ɗauki aikin kunne. A duniyar yau akwai mutanen da wannan shi ne sana'arsu, akwai kuma na'urorin da aka ƙera don su yi shi. Wannan darasi yana bayanin yadda suke aiki, da wanda suke yi wa amfani.

2. Yadda kunne yake ji, da abin da ke kashe shi

Sauti motsin iska ne. In an buga ganga, fatarta tana rawa, ta girgiza iskar da ke kusa da ita. Girgizar nan ce take tafiya har ta kai kunne.

Kunne kashi uku ne. Na farko shi ne na waje, wanda ake gani, yana tara sauti kamar mazurari. Na biyu yana tsakiya. Nan akwai wani tantani siriri, dodon kunne, da ƴan ƙasusuwa uku, waɗanda su ne mafi ƙanƙanta a jikin mutum. Na uku yana can ciki, a nannaɗe kamar katantanwa, cike da ruwa. Cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi wajen 15000. Su ne suke karɓar girgizar su aika wa ƙwaƙwalwa. In ƙwayoyin nan suka mutu ba su sake tsirowa.

Abubuwa da yawa suna kawo kurunta. Wani da ita aka haife shi. Wani ƙyanda ce ko hangum. Wani ciwon kunne ne mai zubar da mugunya, aka bar shi ba magani. Ƙara mai tsanani ma tana cin kunne sannu sannu, kamar ta injin niƙa, ko ta lasifikar biki in an zauna gabanta. Wasu magunguna suna lahanta ji in an sha su ba da izinin likita ba. Tsufa kuma yana sa nauyin kunne.

A ƙasar Arewa sanƙarau yana cikin manyan dalilai. Nijar tana tsakiyar wani yanki da ya taso daga Senegal har zuwa Habasha, inda ciwon nan yake tashi lokacin rani, daga hunturu zuwa faɗuwar ruwan fari. A shekarar 2015 ya kama mutum fiye da 8000 a Nijar, fiye da 500 suka rasu. Jihar Doso da birnin Yamai suna cikin wuraren da ya fi tsanani. Cikin mutum biyar da suka tashi daga irin wannan ciwo, wajen ɗaya yakan tashi da wani lahani, sau da yawa kuwa a kunne ne. Shi ya sa allurar rigakafi take da muhimmanci. An kawo wata a Nijar a shekarar 2010, an kuma fara aiki da wata sabuwa mai kare iri biyar na ciwon a shekarar 2024. Rigakafi ya fi magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi a shekarar 2021. Ta ce mutum wajen miliyan 430 ne suke da rashin ji mai bukatar taimako, cikinsu akwai yara miliyan 34. Ta kuma ce cikin yara goma masu rashin ji, shida da an iya kare su.

3. Hanyoyi huɗu

Wanda ba ya ji da kunne yana da hanyoyi huɗu na sanin abin da ake faɗa.

Ta farko ita ce maganar hannu. Wannan harshe ne cikakke, da kalmominsa da ƙa'idodinsa. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun kaka da kakanni. Wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta koye ta, ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000. Akwai kuma maganar hannu ta makarantu, wadda asalinta daga Amurka ne. Wanda ya yaɗa ta a Afirka shi ne Andrew Foster, wani baƙar fatar Amurka. Shi ma sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11. Ya buɗe makarantarsa ta farko a Gana a shekarar 1957. A Nijar akwai makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram.

Ta biyu ita ce duban leɓe. Mutum yana kallon bakin mai magana yana gane wasu kalmomi. Amma hanyar nan tana da wuya. In aka tsaya gaban madubi aka ce "bata", "ɓata", "mata", za a ga leɓuna suna haɗuwa iri ɗaya duka sau ukun. Haka "kara", "ƙara" da "gara": bambancinsu can cikin baki yake, ido ba ya ganin sa.

Ta uku ita ce na'urar ƙara ji, wadda ake maƙalawa a kunne. Tana ƙara wa sauti ƙarfi. Tana taimakon mai nauyin kunne, amma tana da tsada, tana cin batir, kuma in kunnen ciki ya mutu ƙurmus ba ta da abin da za ta yi.

Ta huɗu ita ce rubutu. Ita ce ta fi dacewa da wanda ya riga ya iya magana da karatu kafin kunnensa ya mutu, kamar yarinyar Tibiri, ko tsohon malamin da tsufa ya rage wa ji. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Rubutu kuwa yana tsayawa ya jira mai karatu.

4. Rubutu a ƙasan hoto

Da aka fara silima, hotuna ba su magana. In ɗan wasa ya faɗi wani abu, sai a nuna rubutu tsakanin hoto da hoto. A lokacin nan mai ji da kurma daidai suke a gidan silima. A shekarar 1927 aka fito da silima mai murya a Amurka. Masu ji suka yi murna, kurame kuwa aka bar su a baya.

Akwai wani kurma mai suna Emerson Romero, haifaffen ƙasar Kuba, wanda ya yi wasa cikin silima marar murya. Da murya ta zo sai aikinsa ya ƙare. A shekarar 1947 ya sayi wasu finafinai, ya yanka su, ya liƙa rubutu a tsakani don ƴan'uwansa kurame. Aikin ya yi wuya, amma ya nuna hanya.

Daga baya aka koyi ɗora rubutun bisa hoton kansa, a ƙasa. Da Faransanci ana ce masa sous-titre. A shekarar 1972 wani gidan telebijin na birnin Boston ya nuna shirin koyar da girki da irin wannan rubutu, saboda kurame. Wasu masu kallo suka ce rubutun yana tare musu hoto. Saboda haka a shekarar 1980 aka fara aiko da rubutun a ɓoye: mai so ya buɗe, wanda ba ya so ya bar shi. Da farko sai an sayi wani ɗan akwati dabam. A shekarar 1990 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa masu ƙera telebijin su sa abin buɗe rubutun cikin akwatin kansa.

Yaran Dogon Dutsi da Matankari ma sun san irin wannan rubutu. Finafinan Hausa da ake yi a Kano, da yawansu suna da rubutu a ƙasa. Amma galibi da Ingilishi ne, an yi shi don baƙon da ba ya jin Hausa. Wannan fassara ce. Rubutun da ake yi don kurma ya bambanta da shi. Da harshen da ake magana ake yin sa. Yana nuna wanda yake magana in ba a ganin fuskarsa. Yana kuma faɗin sauran abin da kunne ke ji: "ana buga ƙofa", "jariri yana kuka", "an fara kiɗa". In babu wannan, kurma zai ga mace ta zabura ta nufi ƙofa, bai san dalili ba.

5. Masu saurin hannu

Fim an riga an gama shi, mai rubutu yana da lokaci. To, yaya za a yi da labarun da ake karantawa yanzu yanzu, ko taro, ko darasi?

Mutum yakan faɗi kalma wajen 150 cikin minti ɗaya. Mai rubutu da bik da ƙyar yake kai 30. Kowane ɗan makaranta ya san haka daga shifta: in malam bai dakata ba, ba mai kamo shi.

Saboda haka aka ƙera wata na'urar rubutu mai maɓallai kaɗan. Mai aiki da ita yana danna maɓallai da yawa gaba ɗaya, kowane dannawa gaɓa ce ko kalma sukutum. Gwani yana wuce kalma 200 a minti. A kotuna aka fi sanin su, daga baya aka kai su gidajen telebijin. A shekarar 1982 aka fara rubuta shiri kai tsaye ta wannan hanya a Amurka. Sai dai koyon aikin yana ɗaukar shekaru, gwanayen kuma kaɗan ne. Ba kowane aji ko kowane gidan likita zai samu nasa ba. Shi ya sa masana suka daɗe suna neman na'urar da za ta saurara ta rubuta da kanta.

6. Na'urar da ke saurare

A shekarar 1952 aka gwada ta farko a Amurka. Ta cika wuri, amma lambobi goma kaɗai take ganewa, daga 0 zuwa 9. A shekarar 1962 kamfanin IBM ya nuna wata mai gane kalma 16. Sannu ba ta hana zuwa. A shekarar 2009 YouTube ya fara sa wa hotuna masu motsi rubutu da na'ura, ba da hannun mutum ba. A shekarar 2019 kamfanin Google ya fitar da wata manhaja ta salula mai suna Live Transcribe. Ana ajiye salular kusa da mai magana, kalmominsa suna fitowa bisa gilashi da manyan baƙaƙe. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai Dimitri Kanevsky, masanin lissafi wanda ya kurmance tun yana ƙarami. An kuma yi shawara da jami'ar Gallaudet ta birnin Washington, jami'ar kurame.

Ga yadda irin wannan na'ura take aiki.

Da farko makirufo yana kama girgizar iska, kamar dodon kunne, ya mayar da ita motsin lantarki.

Na biyu, na'ura tana auna motsin nan sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, ta mayar da shi lambobi. Na'ura ba ta san komai ba sai lambobi.

Na uku, tana yanka maganar gutsi gutsi, ta gwada kowane gutsure da abin da ta koya, ta ce wannan ya yi kama da "ru", wancan da "wa".

Na huɗu, tana duban kalmomin da suka gabata don ta zaɓi wadda ta dace. In an ce "Inna ta tafi rijiya ɗibar…", sauti kuma bai fita sosai ba, za ta zaɓi "ruwa" ta bar "rawa", don ta sha ganin rijiya tare da ruwa.

To, ina ta koyi wannan? Kamar yadda jariri yake koyon harshe ne, da yawan ji. Ana tara muryoyin mutane masu yawa, maza da mata, yara da tsofaffi, kowace murya tare da rubutun abin da ta faɗa. Na'ura tana saurare, ta gwada, a nuna mata kuskurenta, ta gyara, ta sake. A shekarar 2022 wani kamfani mai suna OpenAI ya fitar da wata da ake kira Whisper, wadda aka koyar da magana ta awa 680000. In mutum zai saurari wannan dare da rana ba barci, zai yi fiye da shekara 77. Mafi yawan maganar nan Ingilishi ce. Rabon Hausa a ciki kaɗan ne ƙwarai.

7. Na'ura da Hausar Arewa

Harshen da na'ura ta ji da yawa shi ta fi iyawa. Shi ya sa take rubuta Ingilishi da Faransanci da kyau, a Hausa kuwa tana tuntuɓe.

An fara gyara. Akwai wani aikin gayya na intanet mai suna Common Voice, wanda aka kafa a shekarar 2017. Mutane suna karanta jimloli da muryarsu kyauta, wasu kuma suna saurare su tabbatar an karanta daidai. Hausa ta shiga cikinsa a shekarar 2021. A shekarar 2024 kuma Google ya sa Hausa cikin harsunan da mutum zai yi wa salula magana ta rubuta.

Duk da haka da sauran aiki. Hausar littattafai da ta manyan gidajen rediyo ta fi kusa da ta Kano. Mutumin Arewa kuwa yana da nasa bakin. Yana cewa "tahi" inda Bakano yake cewa "tafi". Yana cewa "hura" da "biyat" da "shina zuwa". Abin da ake kira gero a Kano shi hatsi yake ce masa. Yana kuma da kalmomin da ya aro daga Faransanci, kamar "lakkwal" da "kaye", waɗanda Bakano bai sani ba. Na'urar da ba ta taɓa jin tsohuwar Kiyeshe tana magana ba, za ta iya ruɗewa in ta ji ta. Ba Hausar tsohuwar ce take da laifi ba. Na'urar ce ba ta gama karatu ba.

Akwai kuma baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. In na'ura ta yar da lanƙwasa, ma'ana ta sauya. "Baƙi sun zo" ya koma "baki sun zo". "Ƙafa" ta koma "kafa". Mai ji ba ya damuwa, don kunnensa ya riga ya gaya masa. Kurma kuwa abin da ke rubuce shi ne duk abin da ya samu.

8. Inda na'ura take kasawa

Na'urar nan tana son wuri shiru, da mutum ɗaya yana magana a fili. Ranar kasuwar Dogon Dutsi, ga kukan awaki, ga masu talla, ga manyan motoci bisa hanyar Yamai, sai ta dagula kalmomi. In mutum uku suna magana gaba ɗaya ba ta san na wa za ta bi ba. Da yawa cikin irin waɗannan manhajoji sai da rezo suke aiki, rezo kuwa ba kowane ƙauye yake da ƙarfi ba. Salular da za ta ɗauke su tana da tsada, tana kuma son caji.

Abu mafi hatsari shi ne, na'ura ba ta cewa "ban ji ba". In ba ta gane ba sai ta rubuta abin da ta zata. A wajen hira wannan abin dariya ne. A gidan likita ba abin dariya ba ne. In likita ya ce a sha ƙwaya biyu, na'ura ta rubuta biyar, rai yana cikin hatsari. Saboda haka a maganar magani, ko kuɗi, ko shari'a, dole mutum ya duba abin da na'ura ta rubuta. Ya fi kyau likita ya rubuta adadin da hannunsa bisa takarda.

9. Mabuɗin shi ne karatu

A ce an gyara duk waɗannan. Rezo ya kai ko'ina, salula ta yi araha, na'ura ta ƙware da Hausar Arewa. Saura abu ɗaya: rubutu ba ya yi wa kowa magana sai wanda ya iya karatu. Ga wanda bai iya ba, baƙaƙen da ke gilashi kamar sawun kaji ne bisa rairayi.

Kuma ba kowane karatu ba, sai na harshen da ake magana da shi. A gida, da gona, da bakin rijiya, Hausa ake yi. In na'ura ta rubuta abin da inna ta faɗa, da Hausa za ta rubuta shi. Yarinyar Tibiri ta gane allon abokiyarta don ta koyi karatu da harshen da ta sha a nono. Da Faransanci kaɗai ta fara, da tana aji huɗu ba ta kai ga karanta zancen raha ta yi dariya ba. A Nijar an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a shekarar 1973. Wannan yana cikin amfanin irin waɗannan makarantu: yaron da ya riƙe karatun harshensa, ko kunnensa ya mutu, ƙofar magana ba ta rufe masa ba. Faransancin da ya ƙara kuwa zai buɗe masa rubutun telebijin da na littattafan gaba.

Yaron da aka haifa kurma halinsa dabam ne. Bai taɓa jin Hausa ba, don haka baƙaƙe ba su tuna masa da wani sauti. Shi maganar hannu ce harshensa na farko, da ita zai hau zuwa karatu. Rubutu ba ya maye gurbin maganar hannu. Kowace da wurinta.

Wannan ba alfarma ba ce ake yi wa kurame, hakkinsu ne. A shekarar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a kan hakkin naƙasassu. Cikinta an ce a ba su labari ta hanyar da za su iya ɗauka. Nijar ta amince da ita a shekarar 2008.

10. Abin da ɗan makaranta zai iya yi

Ba sai an jira na'ura ba. Duk ɗan makarantar da ya iya rubutu yana da abin taimako cikin jakarsa.

In zai yi magana da mai rashin ji, ya fara taɓa kafaɗarsa ko ya ɗaga hannu, don ya dube shi. Ya tsaya inda haske yake bisa fuskarsa. Kada ya rufe baki, kada ya yi magana yana tauna. Ya yi magana a hankali, ba da ihu ba, don ihu yana karkata baki. In ba a gane ba, ya sake faɗi da wasu kalmomi, ko ya rubuta bisa allo, ko kaye, ko ƙasa. Ya kula da lanƙwasar baƙaƙe. Kada ya ce "bar shi, ba komai", don wannan kalma tana da ciwo ga wanda aka bari a baya.

A cikin aji, a ba mai rashin ji bencin gaba. A riƙa magana ɗaya bayan ɗaya. Abokan zama su riƙa karɓeɓeniya wajen rubuta masa abin da aka faɗa, kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya. Wanda ya samu dama ya koyi maganar hannu daga kuramen garinsu. Kuma ba a yi wa kurma ba'a. Rashin ji ba rashin hankali ba ne.

In kunnen ƙane ko ƙanwa yana zubar da ruwa, a gaya wa manya su kai shi gidan likita. Kada a sa tsinke ko gashin kaza cikin kunne. In masu allurar rigakafi sun zo gari, kada a ɓuya.

Yarinyar Tibiri ba ta bar makaranta ba. Da dare, in an gama tuwo, ƙanenta yakan zauna kusa da fitila da allonsa. Kakarsu tana ba da tatsuniya, shi yana rubuta kanun zancen, yayarsa tana karantawa. Wani lokaci kakar takan dakata ta ce: "Kai maigidana, ka rubuta wannan kuwa?" Shi kuma ya ce: "Na rubuta, kaka, ci gaba." Watakila wata rana salula ce za ta karɓi aikin yaron nan, ta yi shi da Hausar Arewa ba tuntuɓe. Ko a ran nan, sai wanda ya iya karatu zai amfana.

Kalmomi

Sanƙarau: ciwo mai kama tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, yana sandarar da wuya.
Dodon kunne: siririn tantani cikin kunne wanda sauti yake girgizawa.
Makirufo: abin da ke kama murya ya mayar da ita motsin lantarki.
Manhaja: tsarin umarni da ake zuba wa salula ko kwamfuta don ta yi wani aiki.
Rezo: hanyar iska da ke haɗa salula da sauran duniya.

Tambayoyi

1. Me ya kurmantar da yarinyar Tibiri? A wane lokaci na shekara ciwon nan yake tashi?
2. Ku faɗi hanyoyi huɗu da mai rashin ji yake bi don ya san abin da ake faɗa.
3. Me ya bambanta rubutun fassara da rubutun da ake yi don kurame?
4. Don me na'ura ta fi iya rubuta Faransanci bisa Hausa?
5. Ku nemo kalmomi biyar da lanƙwasar baƙi take sauya ma'anarsu.

Aiki

Ku zauna biyu biyu. Ɗaya ya toshe kunnuwansa da tafin hannu. Malam zai karanta gajeren labari, ɗayan ya rubuta kanunsa bisa allo. Wanda ya toshe kunne ya karanta allon, ya faɗa wa aji abin da ya gane. Daga nan ku sauya.